Shawarwari kan gwajin faifan magani a kan ƙwayoyin bakteriya

Masu aikin ɗakin gwaji da suka tattauna hanyar Kirby-Bauer, wato ɗora ƙananan faifan takarda masu ɗauke da magani a kan ƙwayoyin bakteriya don a ga ko zai hana su girma, sun fi jan kunne kan kaurin agar ɗin Mueller-Hinton, daskararren abincin da ake shuka ƙwayoyin a kai: milimita 4. In ya yi kauri, da'irar da ke kewaye faifan maganin, inda ƙwayoyin ba su tsiro ba, sai ta tsuke. In ya yi siriri ta buɗe, a ba maganin ƙarfin da ba shi da shi.

Ruwan ƙwayoyin a daidaita shi da ma'aunin yawan ƙwayoyi na McFarland 0.5, a shafa a kan agar cikin minti 15. Faifan da aka ciro daga firji a bar shi ya kai ɗumin ɗaki kafin a buɗe kwalbarsa, don raɓa na lalata shi. In ya taɓa agar kada a gusar da shi, magani ya riga ya fara bazuwa. Daga nan a ajiye agar ɗin a zafi digiri 35, awa 16 zuwa 18.

Gardama ta fi zafi kan ɗalibai masu gwada ruwan darbejiya ko zogale. Teburin fassara faɗin da'ira na CLSI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin gwajin, na sanannun magunguna ne, bai shafi ganye ba. A ganina mai gaskiya shi ne wanda ya ce a sa faifan DMSO (sinadarin da ake narkar da ruwan ganyen a ciki) zalla a gefe don kwatantawa, tare da E. coli ATCC 25922, ƙwayar da ake tabbatar da ingancin gwajin da ita.