Neman shawara: maganin gargajiyar Indiya na rage maiƙon jini

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi wa maigidana gwajin kolestarol, wato maiƙon jini, LDL ɗinsa (nau'in maiƙon mai cutarwa) ya kai 4.4, likita ya rubuta masa atorvastatin. Shekararsa 52, yana kuma shan maganin hawan jini, shi ya sa ba ya son ƙarin ƙwaya. Wani abokinsa ya kawo masa kwalbar guggul, wai maganin Ayurveda ne, wato na gargajiyar Indiya, mai narkar da kitse. Shin ya kamata ya ajiye na asibiti ya koma wannan? Cikin magungunan Indiya wanne ne ke aiki da gaske?

Malam Bashir, mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam. Maman Khalil, don Allah kada ya ajiye na asibitin. Guggul ƙaro ne na wata ƙaramar bishiya mai ƙaya da ke tsirowa a busassun yankunan Rajastan da Gujarat, dangin dashi. Likitocin Ayurveda sun daɗe suna ba da shi ga masu ƙiba, kuma ƙananan gwaje-gwaje a Indiya sun yabe shi. Amma a 2003 Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka ta gwada shi a kan mutum 103 na tsawon mako 8, sai LDL na masu shan sa ya hau da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, shida kuma suka fito da ƙuraje. Abin da ya fi damuna a nan shi ne hawan jinin: guggul na rage yawan magungunan hawan jini propranolol da diltiazem da ke shiga jini. Duba sunan maganin da yake sha.

Hajiya Rabi, masaniyar abinci: 'Yar'uwa, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne isabgol, ɓawon wani ƙaramin iri da ake nomawa a Gujarat, fari ne marar ɗanɗano. A cikin hanji yake kumbura ya yi yauƙi kamar kuɓewa, ya riƙe ruwan matsarmama ya fita da shi a bayan gida. Hanta sai ta jawo kolestarol daga jini ta haɗa wani.

Ya fara da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wajen giram 3, a cikin cikakken kofin ruwa kafin abinci. A dama a sha nan take, don in ya yi minti biyu a ajiye zai daskare. Bayan mako guda a koma sau biyu, sannan sau uku, jimla wajen giram 9 a rana. Mai gaggawar ƙarawa zai sha kumburin ciki da iska, wanda ya ƙaranta ruwa kuma cikinsa zai ɗaure. Kada a taɓa afa shi busasshe, yana iya toshe maƙogwaro. A bar tazarar awa biyu tsakaninsa da kowace ƙwaya, domin yana hana magani shiga jiki yadda ya kamata.

Sai methi, wato hulbar da muka sani. A jiƙa ƙaramin cokali ɗaya da dare, da safe a tauna 'ya'yan a kora da ruwan. Amfanin yana cikin 'ya'yan, mai tacewa ya zubar ya yi asara. Tana sauke sukari, mai shan maganin ciwon suga ko warfarin (maganin hana jini daskarewa) ya tuntuɓi likita tukun, mai juna biyu kuwa ta bari.

Dakta Aminu: Mu yi lissafi, Hajiya. Isabgol na rage LDL da kashi 5 zuwa 10, wato 4.4 ya dawo wajen 4.1. Atorvastatin na ragewa da kashi 30 zuwa 50, kusa da 2.6 ke nan, inda muke so. Ya haɗa biyun, ya maimaita gwaji bayan mako 6 zuwa 12. In tsoka ta dame shi da ciwo ya koma a rage masa ko a canza.

A kuma yi hattara da kwalabe. A 2004 an auna magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan birnin Boston na Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko gubar asinik a 14. Akwai reshen da ake kira rasa shastra, da gangan ake sa tokar ƙarafa a haɗinsa. Duk kwalbar da ke ɗauke da kalmar bhasma ko rasa, ko babu jerin abin da ke ciki da lambar NAFDAC, a bar ta.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, amlodipine yake sha. To triphala da arjuna fa?

Malam Bashir: Amin. Triphala garin busassun 'ya'yan itace uku ne, amla da haritaki da bibhitaki, kuma aikinsa na fili sakin ciki ne. In ya haɗu da isabgol zawo na iya biyowa. Ɓawon arjuna ana dafa shi da madara da ruwa don zuciya, sai dai gwaje-gwajensa ƙanana ne, kuma yana iya ƙara sauke jini a kan amlodipine, kada a fara ba da sanin likita ba. Littattafan Ayurveda suna yabon ghi, wato man shanu, amma mai LDL 4.4 ya rage shi, tare da manja da kitsen tsire. Ki yawaita masa wake da ganye da kifi, ya riƙa tafiyar minti 30 akalla kwana biyar a mako.