Poka-yoke: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. An ɗora mini shirya bita ga masu kula da sito da masu sayo kaya na wurin aikinmu a nan Gombe, kuma da Hausa za a yi. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: poka-yoke.

Japananci ce. Injiniya Shigeo Shingo ne ya yaɗa ta a shekarun 1960, cikin tsarin aikin kamfanin Toyota. Abin nufi, a tsara aiki yadda ko mutum ya sha'afa, kuskuren ba zai samu hanyar wucewa ba. Ku dubi katin sim: an gutsure masa kusurwa ɗaya, ba ya zama a juye. A harkar saye kuwa, misalinta kwamfutar da ba za ta fitar da baucar biya ba sai takardar oda, da shaidar da sito ya sa wa hannu cewa kaya sun iso, da takardar neman biya ta ɗan kwangila sun zo ɗaya a adadi da farashi. Bara aka rubuta mana katan 50 na takarda a matsayin 500. Sifili ɗaya tak, amma sati uku muka yi muna safa da marwa tsakanin ofisoshi. Ni dai "rigakafin kuskure" na rubuta, sai dai bai kwanta mini ba.

Wani malamin Hausa daga Bauchi: Malam, asibiti ya riga ya ƙwace rigakafi. Kana faɗa, allura mutanenka za su hango. Kuma jan kunne ma rigakafi ne, alhali abin naka ba ya dogara da a ce wa mutum ya kula. Me zai hana kandagarki?

Wata akanta: Allah gafarta malam, kandagarki ai da ji ka san ana jiran ɓarawo ne. Ka faɗa wa mai sito haka, ya tafi gida da tunanin an zarge shi. Shi kansa Shingo da baka-yoke ya fara, wato tsari daga wawa, sai ya canza don kalmar tana ci wa ma'aikata fuska. Poka kuwa ɓatan-kai ne irin wanda gwani ma kan yi a wasan darar Japan. Sannan mu rarrabe: yaƙi da almundahana aikin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ne da BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnatin tarayya. Mai niyyar cuta takardun nan uku tsaf zai daidaita su. Mai gajiya da ƙarfe huɗu na yamma shi ake tarewa da poka-yoke.

Wani direba: Ku ce sakata kawai, kowa ya huta!

Malamin Hausa: Sakata har mai gaskiya tana hana shi shiga. Hajiya, na karɓi gyara. Tunda haka ne mu nemi kalmar da ba ta da zargi. Bahaushe na cewa tuntuɓen alƙalami, kuma ba wanda ke tuntuɓe da gangan. Sai mu ƙera ta a kan ƙirar hana-salla da dafa-duka: hana-tuntuɓe.

Akanta: Wannan ta shiga. Lambar asusun banki mai lamba 10 ma haka take: ta ƙarshen daga sauran da lambar bankin ake lissafo ta, don a kama wanda yatsansa ya zame, kuma sunan mai asusun yana fitowa kafin kuɗi su tafi. Sai dai fitowar sunan ba ta hana ka dannawa, ankararwa ce kawai. Ita ma hana-tuntuɓe ce?

Mai tambaya: Hajiya, na gode, nan ma Shingo ya raba poka-yoke gida biyu: wanda ke tsayar da aiki cak, da wanda ke yin gargaɗi. Zan rubuta hana-tuntuɓe mai kullewa da hana-tuntuɓe mai ankararwa. Na gwada ta ɗazu a kan dattijon da ke riƙe da makullin sitonmu ba tare da na yi masa bayani ba, ya ce, "Kamar layin da ake shatawa a jikin tankin man janareta ke nan?" Ita zan sa a allo ranar Litinin, in Allah ya yarda.