Wace fulawa mai hawa bango ce ke jure zafin Katsina a tukunya?

Assalamu alaikum jama'a. Tsakar gidanmu a Ƙofar Ƙaura duk siminti ne, sai dai shuka a tukunya. Bara na samu kilematis (clematis), wata fulawa mai hawa bango, da ƙyar. Saiwarta tana son sanyi, ganyenta yana son rana, don haka na lulluɓe bakin tukunyar da busasshen ganye, ina ba ta ruwa safe da yamma. Amma da zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ta yi yaushi ta bushe. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

In sake gwadawa da damina, ko in koma bogenbiliya (bougainvillea), wata fulawar mai hawa bango? Ita kuma ƙayarta nake tsoro saboda yara. Don Allah wanda ya taɓa raya irin waɗannan a tukunyar ƙasa, wacce ta yi masa?