Ina son buga labarin zane da waƙoƙina a ƙaramin littafi ɗaya, ta ina zan fara?

Mai Fensir:

Assalamu alaikum. Ina da labari da na zana da hannu, shafi 16 a takardar A4, baƙi da fari, sai kuma rubutattun waƙoƙi 7, yawancinsu ƙwar biyar, wato kowane baiti ɗango biyar. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce, amma ina so in haɗa su a littafi ɗaya in buga kwafi 100 da kuɗin aljihuna. Abin da ya shige mini duhu shi ne girman littafin, irin takardar da zan zaɓa, da yadda ake kai wa mai bugu aikin. Kuma dole ne sai da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya? Waƙoƙin ma ban san ko in cakuɗa su da zanen ba, ko in ware su a baya. Masana a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Maɗaba'a:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka tambayi farashi a ko'ina, fara da ƙidayar shafi. Littafi siriri irin wannan ɗinkin tsakiya ake yi masa da waya biyu, kamar littafin rubutun ɗalibai. Kowace takardar A4 in aka naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu na A5, saboda haka dole jimillar shafukanka ta rabu da huɗu: 20, 24, 28, 32. Zane 16, waƙoƙi a ce za su ci shafi 10, shafin suna ɗaya, shafin haƙƙin mallaka ɗaya, ka samu 28. Wato takarda 7 ke nan ga kowane kwafi, ban da bango. Kwafi 100 takarda 700, ka ƙara ta ɓarna, rim ɗaya da rabi ya ishe ka, tunda rim 500 ne.

Yanzu ɗauki fararen takardu 7, ka naɗe su tare, ka rubuta lamba 1 zuwa 28 da biro, a kowane shafi ka rubuta abin da zai zauna a kai. In ka warware su za ka ga shafi na 1 yana maƙwabtaka da na 28, na 2 da na 27, kowane biyu in ka haɗa 29. Haka mai bugu zai jera su. Wannan ɗan samfurin na hannu ka tafi da shi maɗaba'a. Yawancin littattafan da ake buɗewa a ga shafi na 9 ya biyo bayan na 12, rashinsa ne ya jawo. Zai kuma nuna maka cewa 14 da 15 ne kaɗai ke kan takarda ɗaya fuska ɗaya, don haka in kana da babban zane mai cin shafi biyu, nan ne gidansa. A wani wurin dabam rabi zai ɗan hau, rabi ya ɗan sauka.

Takardar ciki ka nemi bon mai giram 80. Mai giram 70 ta fi araha, kuma ga rubutu zalla ba laifi, amma inda ka cika baƙi, kamar dare ko gashi ko inuwa, zai leƙo ta baya ya dagula shafin da ke can. Bango kuma kati mai giram 250 zuwa 300. Ka ce a ja masa layin naɗi kafin a lanƙwasa, in ba haka ba bayan zai tsage ya yi fari, balle da hunturu da kati ke bushewa. Lamineshin, wato lulluɓe bango da siririyar leda, na hana dattin hannu, sai dai in an zafafa shi da yawa bangon yakan nannaɗe.

Kwafi 100 aikin injin DI ne, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ko firinta mai kyau. Ofset sai an yi farantin bugu, kuma kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 100 za ka buga ko 1000, shi ya sa ba ya sauƙi sai adadin ya yi yawa.

Abu na ƙarshe: in zanenka yana fita har bakin takarda, A4 da aka naɗe ba za ta yi ba. Sai an buga a takarda mafi girma a yanke, kai kuma ka ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe, wadda masu bugu ke kira bilid. In ba ka son wannan wahalar, bar farin gefe na milimita 10 zagaye da kowane shafi.

Baƙar Tawada:

Abin da Malam ya faɗa a sama daidai ne. Ni a kan zanen zan tsaya, domin a nan aiki ke lalacewa tun kafin ya isa inji.

Kada ka ɗauki hoton shafukan da waya. Gefuna sukan karkace, tsakiya ta yi haske, kusurwa ta yi toka-toka, injin kuma zai buga tokar nan kamar datti. Nemi sikana, a ɗauka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, cikin launin toka, sannan ka buɗe a manhajar Krita, kyauta ce, ka ja farin ya zama fari tas, baƙin ya zama baƙi wuluk. Kafin sikanin ka goge fensir sarai bayan tawadar ta bushe. In ka yi gaggawar gogewa tawada za ta ja wutsiya.

Daga A4 zuwa A5 zanen zai ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari. Layin da ka ja da alƙalami mai siririn baki na 0.1 zai tsinke ko ya ɓace, musamman ƙananan layukan inuwa da ke kusa da juna, su kuma sai su haɗe su zama dunƙule. Ka rage shafi ɗaya a injin fotokwafi ka duba da idonka. Inda ya ɓace ka bi shi da 0.3 ko 0.5. In kuma ka yi inuwa da fensir ko da ruwan tawada, to kada ka mayar da shi baƙi da fari zalla, bar shi a toka, amma ka sani tokar takan fito da duhu fiye da yadda allo ya nuna.

Maganar da ke bakin mutanen labarin ita ce babbar matsalar masu farawa. Ana gama zane sannan a nemi inda za a cusa magana, sai da'irar maganar ta rufe fuska ko a ƙanƙance rubutu har sai an ƙura ido. A girman A5 kada girman harafi ya gaza maki 8, kada da'ira ɗaya ta wuce kalma 20 zuwa 25, kuma akwatin zane biyar ko shida a shafi sun isa. Wanda ya fara magana da'irarsa ta kasance a sama ko a hagu, domin haka idon mai karanta boko ke tafiya. In ka saɓa, za a karanta amsa kafin tambaya. Ka duba samfurin hannun nan kuma: abin mamaki a labari ya faɗo a shafi mai lambar cika, na hagu, wanda sai an juya ake gani. In ya zauna a shafin dama, ido ya riga ya sace shi tun ana karanta na hagu.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ. Yawancin salon rubutun da aka yi don littattafan zane ba su da su. A kwamfutarka manhaja za ta aro harafin daga wani salo, ka ga kamar lafiya, a maɗaba'a kuma ya fito ɗan akwati ko alamar tambaya. Andika da Charis SIL da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne. Ka fitar da aikin a PDF da salon rubutun a cikinsa. Da yake yawancin masu bugunmu a manhajar CorelDRAW suke buɗe komai, mafi aminci ka mayar da rubutun ya zama zane a kwafin da za ka ba su, ka ajiye na asali don gyara. Baƙin shafukan ciki ya zama K 100 kaɗai, wato baƙar tawada zalla, ba haɗin launi huɗu ba, in ba haka ba za a caje ka kuɗin kala ko gefen harafi ya yi inuwa. Bangon ne kawai CMYK, wato launi huɗun nan, a 300 dpi, kuma shuɗi da kore masu ƙyalli na allo za su dushe, ka sa ran haka.

Uwar Baiti:

Ɗan'uwa, shawarata ka ware waƙoƙin a baya da shafin sunansu. Mai bin labarin zane sauri yake yi, mai karanta waƙa kuwa tsayawa yake yana rerawa a zuci, in ka cakuɗa kowanne zai tare wa ɗaya hanya. Sai fa in baiti ɗaya ne ya dace da buɗe labarin ko rufe shi, wannan yana da kyau ƙwarai.

Amma kafin maganar shafi, ka tabbatar waƙoƙin sun nuna. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ke yaudarar marubuci. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya, amma na farko gaɓarsa ta fari sassauƙa ce, na biyu nannauya. Kari a kan wannan nauyin yake tafiya, ba a kan yawan haruffa ba. Saboda haka ka rera kowace waƙa da murya ɗaya daga baitin farko har na ƙarshe, ka ɗauka a waya, ka saurara. Duk inda ka ji ka ja wasalin da ba a ja a magana, ko ka haɗiye gaɓa don ka isa ƙarshen ɗango, karin ya karye a nan. Gwajin da ya fi wannan shi ne ka ba wanda bai taɓa jin muryar ba ya karanta da ƙarfi. Kai ka san inda za ka ɓoye targaɗen, shi bai sani ba, zai yi tuntuɓe daidai wurin.

A ƙwar biyar ɗango huɗu na farko suna da ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma shi ke riƙe babban amsa-amon waƙar duka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi babban amsa-amo mai ƙarancin kalmomi, a baiti na bakwai sai a fara maimaita kalma ko a jawo wadda ba ta da alaƙa da jigon. Ka jera kalmomin da ke ƙarewa da gaɓar a takarda tun farko. In ba su kai yawan baitocinka ba, sake gaɓa. Kuma ɗangon cika-wuri, wanda aka sa don kawai adadi ya kai biyar, mai karatu yana gane shi nan take. Gara waƙa mai baiti 8 masu ƙarfi da mai 15 rabinsu ruwa.

A shafin A5 da rubutu maki 11, baiti biyar na ƙwar biyar ke zama a sake, shafin da ke ɗauke da sunan waƙa kuma huɗu. Kada baiti ya rabu tsakanin shafi biyu. Ka jera daga hagu, ka ɗan tura ɗango na biyar ciki don babban amsa-amo ya fito. Ɗangon da ya fi faɗin shafi ka karya shi da kanka, ka tura ragowar ciki sosai, kada ka bar wa kwamfuta. In ka bar mata, ƙwar biyar za ta koma kamar ƙwar shida.

Mai Fensir:

Na gode ƙwarai, Malama, na gode malamaina. Na naɗe takardun, shafi 28 ya fito daidai. Saura batun ISBN da yadda zan sa farashi.

Mai Rumfar Littafi:

ISBN a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, kuma doka ta ɗora wa mai bugawa na kansa ya ajiye musu kwafi uku. In hannu da hannu za ka sayar wa abokai da ɗalibai, littafi na tafiya ba tare da lambar ba. In kana son manyan shagunan littafi ko ɗakunan karatu su karɓa, ko ka shiga gasa da shi, to ka nema kafin a buga bango, domin a bayansa take zama. Haƙƙin mallaka kuwa naka ne tun ranar da ka rubuta ka zana. Ka sa sunanka da shekara a shafi na 2, ka adana zanen asali. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ƙarin shaida ce. In a kasuwar Kano za ka baza shi, ka leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ka ji ƙa'idarsu tukuna.

Farashi kuma ka tara komai: sikanin, takarda, bugu, bango, ɗinki, yanka, kuɗin mota. Ka raba da 85, ba da 100 ba, domin kyauta da ajiya da waɗanda suka lalace za su ci kusan 15. Abin da ya fito ka ninka aƙalla biyu, saboda mai shago zai cire nasa kason, kuma sai ya sayar yake biya. Duk wanda ka bar wa littafi ku rubuta adadi da rana, kowa ya sa hannu.

A nan zan ɗan saɓa wa lissafin kwafi 100. Tunda a DI ne, farashin kwafi ba ya sauka sosai don ka ƙara yawa, to fara da 30. Kurakuran da suka tsere wa kowa masu karatun farko za su nuna maka, ka gyara a zagaye na biyu. Ka sa shafi uku ko huɗu na farkon labarin a Facebook da WhatsApp, da muryarka kana rera waƙa ɗaya, ka karɓi sunayen masu so. Cikakken PDF dai kada ya fita daga hannunka, in ya shiga zaure ɗaya ya shiga duka. Zaman karatu na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen jiharku wuri ne mai kyau na kai kwafi goma.

Ɗan Maɗaba'a:

Na yarda da 30 ɗin, sai dai ka tambaya tun farko ko farashin zai tsaya haka a zagaye na biyu, takarda ba ta zama wuri ɗaya.

Ko nawa za a buga, ka biya kuɗin kwafi ɗaya cikakke, a ɗinke a yanke, a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ka tafi da shi gida ya kwana. Ka bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya, ka nemi kowace ƙ da ɗ da ɓ, ka ɗaga shafi mai baƙi da yawa a hasken rana ka ga ko ya leƙo. Takardun tsakiya sukan turo kai waje kusan milimita ɗaya idan an naɗe bakwai tare, in an daidaita bakin da wuƙa su ne ke rasa gefe, to ka duba ko yankan ya kusanci rubutu a shafi na 13 zuwa 16. In ya gamsar da kai ka sa hannu a bangonsa, ka ba da rabin kuɗi, sauran sai ka ƙirga kwafin ka buɗe biyar daga tsakiyar ɗauri ka gwada su da wanda ka sa wa hannu. Da damina kuma ka ajiye su cikin leda a kan katako, danshi na sa wayar ɗinki tsatsa ta ɓata shafin tsakiya.