Wa za a fara ɗaure wa rauni, namu ko nasu?

Tsohon Saje: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana. Malamin jinyar da ya tsallake ɗan uwansa soja ya durƙusa kan abokin gaba, amana ya ci. A Laberiya, 1990, lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, aka yi mana kwanton ɓauna. Yaronmu na zaune riƙe da hannun da harsashi ya fasa, yana ta salati, malamin namu kuwa yana can yana ɗaure cinyar ɗan tawayen da muka kama. Har yau abin bai bar raina ba.

Kofur mai jinya: Wa alaikumus salam, Oga. Allah ya huci zuciyarka, amma ni aikin nan na yi har na ajiye kaki. Cinya daban, hannu daban. In babbar jijiyar cinya ta tsinke, jini tsartuwa yake yi, cikin 'yan mintuna mutum ya tafi, sai dai a ɗaure sama da raunin tamau. Mai ihu yana da sauran ƙarfi. Wanda ya yi shiru, leɓensa ya yi fari, jikinsa ya yi sanyi, shi muke rugawa wurinsa. Yaron naku ya rayu?

Tsohon Saje: Ya rayu. Hannun dai bai sake miƙewa ba.

'Yar soja: Baba Saje, ka gafarce ni in sa baki. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 kan dokokin yaƙi ta hana fifita wani mai rauni kan wani, sai dai don tsananin raunin. Tun kafin ita ma, Larrey, likitan rundunar Napoleon na Faransa, haka yake jera majinyata, ba ya duban muƙami. Da aka kama shi bayan yaƙin Waterloo a 1815, Blücher, kwamandan abokan gabansu, ne ya sake shi, domin ya taɓa ceton ran ɗansa.

Tsohon direban soja: 'Yata, waɗanda muka yaƙa wace takarda suka sa wa hannu? Ni na ɗauko gawarwakin namu a mota, na ga abin da aka yi musu. Ina bayan Saje.

'Yar soja: Baba, sashe na 3 na yarjejeniyar ya haɗa har da yaƙin basasa. Duk wanda ya faɗi, a ɗauke shi a yi masa magani.

Kofur mai jinya: Ku bar batun takarda. Oga, da malamin nan ya bi son ransa ranar, gobe in soja biyu suka faɗi, ɗaya abokinsa, ɗaya wanda suka yi faɗa a bariki, wa zai hana shi zaɓe? Ba don muna son ɗan tawaye aka koya mana duban rauni kafin fuska ba.

Tsohon Saje: Na ji ka, Kofur. Amma bandeji nawa ne a jakarsa ranar? Da na ƙarshe ne ya ɗaura wa wancan fa?

Kofur mai jinya: Wannan tambayar ta sha hana ni barci, Oga. Na taɓa yaga rigata don kada in kai gare ta.