Muryar matuƙin jirgi za ta iya nuna ya gaji?

Malam Sani: Jama'a, ga batun da ya tsaya mini a rai. Masu bincike suna ta ƙoƙarin haɗa manhajar da za ta saurari muryar matuƙin jirgi ta gane ko barci na fizgarsa. Ni a ganina a sa ta a kowane kamfani, duk wanda ta ce ya gaji kada a bar shi ya tashi. Ku tuna jirgin Air India Express da ya taso daga Dubai ya yi hatsari a Mangalore a watan Mayun 2010, mutum 158 suka rasu. Da aka saurari baƙin akwati, wato na'urar da ke naɗar sautin ɗakin matuƙa, sai ga minsharin kyaftin. Ya yi barci fiye da awa ɗaya da rabi, ya farka kansa bai gama washewa ba, jirgin ya zarce titin sauka. Sautin yana nan a naɗe, amma sai bayan an yi asarar rayuka aka ji shi.

Hajiya Binta: Ina bayanka, Malam. Maigidana tirela yake ja daga Kano zuwa Legas. Wallahi daga sallamarsa a waya nake gane ya kwana a hanya: maganar ta yi nauyi, ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma, muryar ta kwanta ba hawa ba sauka. Abin da kunnena ke kamawa ai shi na'urar take aunawa.

Injiniya Aliyu: Hajiya, kin gane ne domin kin shekara da shekaru kina jin muryarsa lokacin da yake garau. Nan gizo ke saƙa. Dole sai manhajar ta san muryar kowane matuƙi a ranar da ya huta sosai, sannan ta kwatanta. To idan mura ta kama shi fa, ko hazon hunturu ya shaƙe masa maƙogwaro? Ga ƙarar inji, ga rediyon da ke yanke murya. Kuma maganar matuƙa da hasumiyar filin jirgi gajeru ce, haddatacciya, wanda ya gaji liƙis zai iya furta ta tsaf.

Babbar damuwata ma ita ce mai barci ba ya magana. A watan Agustan 2022 jirgin Ethiopian Airlines daga Khartum zuwa Addis Ababa ya wuce inda ya kamata ya fara sauka, hasumiya na ta kira shiru, kamfanin ya dakatar da matuƙan biyu. A Janairun 2024 kuma matuƙan Batik Air biyu a Indonesiya suka yi barci tare na minti 28. Me manhaja za ta saurara a nan?

Zainab: Yaya Aliyu, ai ba wanda ya ce a jira sai sun yi barci. Kafin tashi za a gwada, mutum ya karanta 'yan jimloli, a kwatanta da muryarsa ta da. Kuma ba sabon abu ba ne. Bayan hatsarin jirgin ruwan Exxon Valdez a Alaska a 1989, hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta nazarci muryar kyaftin a rediyo domin neman alamar maye. Bincike ya nuna wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa kan ragu kamar mai giya 0.05 cikin ɗari a jini. Mai gajiya shi ne na ƙarshe da ke yarda ya gaji.

Kabiru: Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne hannun da na'urar za ta faɗa. Matuƙa sun amince da naɗar muryarsu ne bisa sharaɗin don binciken hatsari ne kawai. Ranar da ta zama sandar yanke albashi, kowa zai koyi gyara murya na minti biyu. Ku dubi hatsarin Colgan Air kusa da Buffalo ta Amurka a Fabrairun 2009, mutum 50 suka rasu. Mataimakiyar matuƙin daga Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ta taho cikin dare a jiragen kaya kafin ta kama aiki. Abin da Amurka ta yi daga baya shi ne dokar hutun awa 10 kafin aiki, wadda ta fara aiki a 2014. Shi kuwa mataimakin matuƙin Batik Air, tagwaye 'yan wata ɗaya ne a gidansa. Jadawalin aiki da halin gida ke kawo gajiya.

Malam Sani: Na karɓi gyara a kan hukunci, Kabiru. Kada na'ura ta hana kowa tashi ita kaɗai. Amma ban janye ba. Ta yi gargaɗi, sakamakon ya tafi wurin likitan kamfani, kada ya je ofishin biyan albashi.

Injiniya Aliyu: Idan ta yi gargaɗi ƙarfe 3 na dare, alhazai sun cika jirgi a Kano, babu matuƙin canji a ƙasa, Malam, wa zai sa hannu a soke tashin?