Shawarwarin 'yan fada kan kula da na'urar wasa ta hannu

A hirar wata fada (majalisar matasa) a Maradi kan kula da na'urar wasa, zafi aka fi tattaunawa. Kamfanin Nintendo ya ce a yi amfani da na'urarsa ta wasa mai suna Switch tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40. Don haka kada a bar ta cikin mota ko a rana, kuma in ta ɗau zafi a daina wasa har ta huce, domin zafi ke kashe batir. Wannan shawarar ce na fi ba muhimmanci.

Lokacin hunturu ƙura na shiga ƙarƙashin sandar sarrafawa, sai ka ga ɗan wasan da ke kan allo yana tafiya ba ka taɓa ba. A riƙa ajiye na'urar cikin jaka mai zif.

Mai sayen wadda aka riga aka yi amfani da ita ya gwada kowane maɓalli da ramin caji kafin ya biya. Caja kuma a nemi ta asali.